Ranar da Na Turara Irin Surukina

Tun Uwani tana goye a bayana nake ɗauke da fargabar cewa wani abu bai cika ba a tare da ita. Ba ciwo take yi ba, ba ta rame ba. Nawa ce kawai, komai sai a hankali. In na ba ta nono sai ta kama, ta saki, ta tsaya tana kallon ɗinkin rigata kamar an aiko ta ta ƙirga zaren. Sa'o'inta suka fara tafiya, suna faɗuwa suna tashi, ita kuwa tana dafe da bango wata huɗu cur ba ta yarda ta saki ba. Ranar da ta saki, ta taka daga ƙofar ɗaki har gindin randa ba ta faɗi ba, kuma ban taɓa ganin faɗuwarta ba bayan nan. A lokacin ban ga wannan ba. Wata huɗun kawai na gani.

'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyar surukina ta ci, shi ya sa duk gida ake ce mata Uwani. Kun san yadda ake yi da ɗan fari: ba a jan sa a jiki a gaban mutane, ba a yabon sa, ba a yawan maganarsa. To sai damuwar ta zauna mini ni kaɗai. Na karɓo mata rubutu. Na kai ta asibitin sha-ka-tafi da sunan zazzaɓi, ma'aikaciyar ta duba ta sama da ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, yarinyar nan lafiyarta ƙalau. Ke ce dai ba ki da haƙuri." Na dawo gida ina jin haushin matar.

Malamarmu ta makarantar matan aure ce ta ce kowa ta rubuto sana'arta. Da na ce ni gumi zan rubuta, amaren da ke zama a layin baya suka kwashe da dariya, ɗaya ta ce, "Anti Rabi, gumi ai dafa shinkafa ne a shanya. Me za ki rubuta a ciki?" To ga shi. Zan faɗa muku yadda ake yin sa, kuma zan faɗa muku abin da na yi wa 'yata a bakin tukunyar nan, don ban san yadda zan raba su ba.

Aikin farko da aka sa ni shi ne wanki. Ina shekara tara aka kai ni Kura wurin ƙanwar mahaifina, Gwaggo Delu, wadda ta yi suna a gumi har daga nesa ake aiko mata da buhuna. Shanshera ake kawo mana, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, yadda ta fito daga gona da ƙasarta da tsakuwarta. Sai a zuba ta a babban baho, a cika da ruwa, a sa hannu ana juyawa. Wadda ba ƙwaya a cikinta za ta taso sama, a yaye ta a zubar. Tsakuwa da yashi su kwanta a ƙasa. Ta tsakiyar ake so. A ɗebe ta a hankali da ƙwarya, kada a kwarfo na ƙasa. Sau uku Gwaggo ke sa a wanke. Ni kuwa sau ɗaya nake yi in ce na gama.

Bayan wanki sai jiƙo. Tukunyarmu rabin duro ce a kan manyan duwatsu uku. A ɗora ruwa ya yi zafin da yatsa ba zai iya daɗewa a ciki ba, amma kada ya tafasa. A juye shanshera, a janye wuta, a rufe ta kwana. In ta wuce lokacinta a ruwa sai ta yi tsami, kuma wannan warin ko an kai ta inji an cashe, ko an dafa ta da miyar kaza, yana nan. Da safe a tsame a kwando ta tsane. Sannan a zuba ruwa kaɗan a gindin duro, a mayar da ita, a rufe da buhun algarara, a ba ta wuta sosai. Wannan shi ne turarawa. Ba dafawa ba ce, amare, tururi ne ke aikin. Ana tsaye a kanta har tururin ya ratso buhun ta ko'ina, a ɗaga a ga ɓawon na sama ya buɗe baki. In kika sauke da wuri, tsakiyar ƙwayar ba ta nuna ba, inji zai kakkarya ta. In kika bari ta zarce, ta yi duhu, mai saye ya kalla ya wuce.

Shanya ce ta fara tona mini asiri. Ana baza ta a tamfol, ba kauri, ana bi da ƙafa ana juyawa, ana korar kaji da awaki. Ba a barin ta ta bushe ƙaf a rana ɗaya cikin zafin tsakar rana, don ƙwayar za ta tsattsage daga ciki ido bai gani ba. A tattara ta huce a inuwa, kashegari a sake bazawa. Wata rana Gwaggo ta tafi barka, ta bar ni da shanyar wani manomi. Na taɓa sama na ji ta bushe, na kwashe, na ɗure a buhu, na sa aka kai inji, duk don ta dawo ta ga na iya. Abin da ya dawo daga inji rabinsa gari ne, rabi gutsattsari.

Na zaci zan sha duka. Gwaggo ta ɗebi shinkafar a tafin hannu ta daɗe tana kallo, sannan ta kalle ni.

"Wutar-kara," ta ce, don haka take kira na. "Ke tun ranar da aka haife ki ba ki jira ungozoma ba. Ina wurin. Ba zan iya cire miki gaggawa ba, da ita kika zo. Amma zan nuna miki inda za ki riƙa ajiye ta."

Daga ranar ta raba mini aiki. Hura wuta nawa ne. Tsamo shanshera da sassafe nawa ne. In hadari ya taso alhali shanya na ƙasa, ni take ƙwala wa kira, kuma kafin ɗigon farko na tattare tamfol huɗu, tana tsaye tana cewa, "Yauwa, nan ne wurinki!" Amma ta hana ni yanke hukuncin bushewa sai na ɗauko ƙwaya daga kusurwa huɗu da tsakiya, na ciza ɗaya bayan ɗaya a gabanta, kowace ta ce ƙas. Shekara bakwai ina wannan cizon. Ba ta taɓa ce mini in zama wata ba.

Ku riƙe wannan, don shi ne abin da aka yi mini, ni kuma na kasa yi wa tawa.

Aure ya kawo ni wani ƙauye kusa da Bunkure, gidan gandu, a bakin kanal. Na zo da durona da tamfol biyu da Gwaggo ta ba ni. Kafin shekara uku na yi masu kawo mini aiki: manoman da ke son ta ci a gida, da 'yan kasuwa masu kawo buhuna su ce kafin ranar kasuwa. Ɗan kasuwa bai san ciwon kai ba, bai san goyo na kuka ba. Kuma in mai saye ya ciji tsakuwa sau ɗaya a shinkafarki, ba zai zo ya yi miki faɗa ba, kawai ba za ki sake ganin buhunsa ba.

Surukina, Baba Malam, yana da makarantar allo a zaure kuma yana noma. Yana da wani irin shinkafa da ba a sayarwa a kasuwa, mutane na ce mata ta Malam. Doguwar ƙwaya ce, mai ɗan baƙin ɗigo a hancin ɓawonta, in ana turara ta har maƙota sai sun ji ƙamshi. Shi ya tace ta da hannunsa. Duk kaka, kafin masu yanka su shiga gona, sai ya shiga shi kaɗai da 'yar wuƙa da jaka, yana bin zangarniya ɗaya bayan ɗaya, wadda ta cika ta yi nauyi ya yanke, saura ya bari. Wannan ya sussuka daban, ya shanya daban, ya ɗinke a buhu daban, shi ne irin baɗi. Waɗanda ya taɓa ɗebar wa duk sun bari nasu ya gauraye da wasu. Tsantsarta a wurinsa kaɗai take.

Uwani na shekara biyar ta fara tsince-tsince. In na baza shanya na ce ta kori kaji, sai in fito in tarar da kaji na ci ta wancan gefe, ita tana tsugune ta wannan gefe ta jera ƙwayoyi a ƙasa: dogaye a nan, gajeru a nan, jajaye a can. Ta tara gwangwanayen madara da kwalayen ashana a ƙarƙashin gado, kowanne da irin da ke ciki. Ƙanwarta Bilki kuwa ni ce sak. Kafin ka rufe baki ta ruga, ko ba ta ji aiken duka ba. Ka aike ta gishiri ta sayo kanwa, amma dai ta dawo da wuri, ni kuma wannan nake so. Sai na riƙa cewa, "Dubi ƙanwarki. Ke wace irin yarinya ce?"

Maganarta ce ta fi ƙona mini rai. Uwani ba ta iya faɗin abu daga tsakiya ba, sai ta ɗauko shi daga tushe. In akuya ta shiga ɗaki, ba za ta ce akuya ta shiga ɗaki ba. Za ta zo ta tsaya, ta ce, "Umma." Ta jira in kalle ta. "Kin ga ɗazu da Bilki ta fita, ba ta ja ƙyauren ba. To akuyar gidan su Lami, ba baƙar ba, mai ɗan nan..." Kafin ta iso ɗakin, akuya ta gama da garin tuwo. Ni kuma ina tsaye a kan wuta, hayaƙi a ido, tururi na jira.

Wata rana ina shara na jawo gwangwanayen nan, goma sha wani abu. Na fito da su tsakar gida na juye wa kaji a gabanta. Na ce, "Gobe ma ki sake tara mini shara a ɗaki." Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallon kajin har suka cinye, sannan ta tattara gwangwanayen da ba komai ta fita da su. Na ɗauka na yi maganin abin.

Shekarar da take bakwai ita ce muguwar shekararmu. Jan-baki suka sauko wa gonakin ɓangarenmu shinkafa na cikin nono. Tsuntsaye ne ƙanana, amma in suka taso sai ka ce hadari. Maza da yara suka wuni a gona suna kaɗa gwangwani suna ihu har muryoyi suka dishe, duk da haka abin da aka girbe bai kai rabi ba. Baba Malam da kansa ya riƙa wuni a gefen da ya fi kyau, da majajjawa a hannu, dattijo mai furfura, har ya samu ya tsirar da buhu ɗaya na iri. Da rani ya yi, aikin gumi ya ja baya. Sai in yi mako ban ɗora duro ba. Duk wanda ya kawo buhu, kamar in goya shi.

Ana cikin zafin bazara wani Alhaji ɗan kasuwa daga Garun Mallam ya aiko da buhu shida, ya ce yana so kafin kasuwar Bunkure, in na cika alkawari kuma aikinsa duka nawa ne. A makon ne kuma Baba ya sa a yi wa ɗakin ajiyarsa yaɓe kafin ruwa ya sauka, aka fito da kayan ciki aka rarraba a sassan gida. Buhun iri kuwa ƙannen maigidana, waɗanda yara ke ce wa su Kawu, suka kawo rumfata, suka jingine kusa da na Alhaji. Maigidana ya faɗa mini. Wallahi ya faɗa mini. Ina durƙushe ina hura wuta ya tsaya a kaina ya ce, "Rabi, ga buhun Baba nan na ƙarshe, mai jan zare, a kula." Na ce, "To, to," ban ɗago ba. Kunnena ya ji, kaina na wurin buhu shida.

Buhun yana da 'yar ɓula a kusurwa, ya zubar da ƙwayoyi a hanya tun daga ɗakin Baba har rumfata. Kwana biyu ina ganin Uwani tsugune a wannan hanya cikin rana, tana rige-rige da kaji. Na ce mata, "Kin koma ko? Bari in gama da aikin nan."

Ranar jiƙo na ƙarshe, bayan la'asar, na makara. Ruwa ya yi zafi yana neman wuce yadda ake so, Bilki ta ɓarar da man ja, ga shanyar jiya ban tattara ba. Na shiga rumfa na kama buhun da ya fi kusa da hannuna na jawo shi. Na sa wuƙa na farke bakin. Sai na ji ta a bayana.

"Umma."

Ban juya ba.

"Umma. Kin ga shekaranjiya, da su Kawu suka..."

Na juyo da bayan hannu na make mata baki. Na ce, "In kika sake buɗe bakin nan ina aiki sai na fasa shi. Tafi ki ba ni wuri!"

Ta dafe bakinta. Ta kalli buhun, ta kalle ni. Ta koma gindin bango ta zauna, tana kallo na wanke shi sau ɗaya, na juye a duro, na rufe.

Da safe na tsame, na turara. Da tururi ya taso na ji ƙamshi ya cika gida, har na ce a raina, Alhajin nan ya samo shinkafa mai kyau. Ko a nan ban farga ba. Na baza ta a tamfol, tana sheƙi, ɓawo ya buɗe yadda ake so. Ban taɓa yin gumin da ya yi kyan wannan ba.

Da hantsi Baba Malam ya yi sallama ya shigo sashenmu, maigidana na biye da shi. An gama yaɓe, kuma yana so ya fara shirin zuba iri a wurin reno. Na ja mayafi na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, amma idonsa na kan tamfol. Ya taka a hankali ya sunkuya ya ɗebi shinkafar, da sauran ɗuminta. Ya kai hanci. Ya baza ta a tafin hannu ya kawo kusa da ido.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce.

Maigidana ya faɗa rumfa da gudu. Na ji yana jan buhuna. Ya fito riƙe da buhun da ba komai, jan zaren na reto a bakinsa. A cikin rumfa kuwa ga buhun Alhaji na shida nan a jingine, ba a taɓa shi ba.

Ku da ba ku san noma ba: shinkafar da aka turara ta mutu. Ko shekara za ta yi a ƙasa ba za ta tsiro ba.

Matan gida suka fara leƙowa ta katanga, wasu suka shigo suka tsaya. Maigidana ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu. Bai kalle ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Shekara goma sha ɗaya ina tace irin nan." Sai ya hango Uwani a gindin bango, leɓenta a kumbure.

"Uwata," ya ce, don haka yake kiran ta. "Zo nan. Ke da ba abin da ke wuce idonki, ba ki ga wannan ba?"

Ta taso ta zo, ba sauri. Ta tsaya a gabansa ta ce, "Baba." Ta jira ya kalle ta. Sai dattijon nan ya tattare rigarsa ya tsuguna a ƙasa, fuskarsa daidai tata, ya ce, "Ina jin ki. Ba inda za ni."

"Ranar da su Kawu suka kawo buhun, na ga bakinsa da jan zare. Na Alhaji kuma da farar igiya ne, duka shida, na ƙirga. Kuma ta cikin naka tana da baƙi a hanci, ta Alhaji ba ta da shi. To jiya da ruwa ya yi zafi, Bilki ta zubar da mai, sai Umma ta shiga rumfa. Sai ta jawo mai jan zaren. Sai na zo na ce Umma." Ta taɓa leɓenta. "Sai ta ce in na sake buɗe baki za ta fasa shi. Sai na rufe."

Ba ƙara ta kai ba. Haka take faɗin komai, daga farko zuwa ƙarshe, ba ta rage ba ta ƙari. Ni dai ina durƙushe, na ja mayafi har goshi, ina kallon ƙasa. Duk maganar tata ba ta kai tsawon wanke ƙwarya ɗaya ba. Abin da na kasa jira ke nan.

Sai na ga ƙafafunta sun juya. Ta nufi bayan rumbu, ta daɗe, muna jin tana ture dutse. Ta dawo rungume da wani abu a ƙunshe cikin leda. Ta gabana ta bi, gefen zanenta har ya taɓa gwiwata, ba ta tsaya ba. Ta kai wa Baba. Gwangwanin madara ne, ya kusa cika.

"Wadda ta zube a hanya ce," ta ce. "Ba ko ɗaya ta Alhaji a ciki, na duba. Na ɓoye ne don kada Umma ta ba kaji."

Baba ya zazzage kaɗan a hannu. Kowace ƙwaya da baƙin ɗigonta. Ya mayar, ya rufe da tafinsa kamar mai tare iska. Ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, Uwata." Ya miƙe, ya kama hannunta, suka fita tare. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Rabi, ki juya shanyar nan kada ta ƙone. Abinci ce, ba a wulaƙanta ta."

Haka na tashi a gaban matan gida na shiga tamfol da ƙafa ina juya irin surukina. Wata biyu muna cin sa a gidan.

A daminar nan babbar gona irin kasuwa aka dasa mata, abin da Baba bai yi ba tun kafin a kawo ni gidan. Gwangwanin Uwani kuwa ya rene shi a wani ɗan fangali kusa da kanal, ya kewaye da ƙaya, ya dasa shi ɗaya-ɗaya. Da kaka ya shiga da 'yar wuƙarsa, ita tana biye da shi riƙe da jaka. Aka samu abin da ya isa iri. Ta Malam ba ta ɓace ba, amma ba ni na tsirar da ita ba.

Da labari ya kai Kura, Gwaggo Delu ta hau mota ta zo. Ba ta yi maganar buhu ba sam. Ta zauna a tabarma ta sa Uwani ta tsince mata tiya ɗaya ta shinkafa, tana kallon ta har ta gama. Ta sa hannu ta bincika, ba tsakuwa ko ɗaya, ba baƙar ƙwaya. Da yarinyar ta fita sai ta juyo.

"Wutar-kara, shekara nawa na yi ina neman mai irin wannan ido ban samu ba? Allah Ya ba ki ita a ɗaki, kina duka."

Na ce, "Gwaggo, tsoro nake ji. Wa zai zauna da mace mai nawa haka?"

"Ke wa ya zauna da ke? Na doke ki ne kika daina gaggawa? Ga shi har yau ba ki daina ba, buhun mutane ya shaida. Ki ba ta wurinta, ki koya mata abu ɗaya da zai tsare ta, kamar yadda na koya miki cizo. Shi ke nan aikinki."

Abu ɗayan da muka yi shi ne wannan. Na zaunar da Uwani, abin da ban taɓa yi ba, na ce mata in maganar ta gaggawa ce, kada ta fara da baki, ta kama gefen zanena ta ja. In ta ja, zan ajiye duk abin da ke hannuna, ita kuma ta fara faɗin ƙarshen maganar, sannan ta koma farko ta ba ni labarin yadda take so. Ta daɗe tana tunani, sannan ta ce, "Ko kina kan wuta?" Na ce ko ina kan wuta.

Sai da aka yi wata biyar kafin ta ja zanen nan. Wata biyar in ta ga abu sai ta zagaya ta faɗa wa Baba ko mahaifinta, ni ina tsaye a wurin. Ranar da ta ja, ina tsakiyar tsame shanshera. Na dire kwandon. Ta ce, "Duro na yoyo." Sannan ta ja numfashi ta ce, "Kin ga jiya da aka ɗora shi a kan dutsen nan mai tsini..." Na tsaya na ji har ƙarshe, ƙafata na ƙaiƙayin tafiya.

Yanzu shekararta goma sha ɗaya. Nawar tana nan, ko kaɗan ba ta ragu ba. Ita ce ta ƙarshen fita makaranta, ita ce ta ƙarshen gama cin abinci. Amma ba buhun da ake farkewa a gidan nan sai ta duba shi, tsinta tata ce, kuma ita ke cizon shanya ta ce a kwashe ko a bari. Masu kawo mini aiki sun san shinkafata ba tsakuwa, suna yaba mini, ni kuma ina faɗa musu ba ni ba ce. Bilki na ba ta wuta da kwasar shanya in hadari ya taso, kuma ba ta fita aike sai ta maimaita mini abin da aka ce ta sayo. Ni ma gaggawar tana nan. Ko makon jiya sai da na ɗaga hannu, na tuna, na sauke. Har yau in na matso kusa da Uwani da sauri, sai ta ɗan kai hannu bakinta. Ba ta san tana yi ba. Ni nake gani.

To amare, kun ji gumi. Roƙona gare ku ɗaya ne. Duk wadda Allah Ya ba ɗa, in ya zo ya tsaya a bayanki ya ce Umma, ki ajiye abin da ke hannunki, ki juyo, ki bar shi ya kai ƙarshen maganarsa.